Abincin Hannun Goggonki Hajara

Laurel, Maryland

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Allah Ya ɗaga jirginki lafiya, Ya sauke shi lafiya, Ya tsare ki a hanyar Yamai zuwa Maradi, wadda aka ce mini ramukanta na nan inda na bar su.

Shekara ashirin da bakwai ke nan rabona da gida. Na fito da baƙin gashi da ƙafa mai ƙarfi, yau ga ni da furfura da ciwon bayan da zaman taksi ya bar mini, kuma ban koma ba ko sau ɗaya. Da farko takarda ce ta hana. Da takardar ta samu, sai na gane ashe ba ita kaɗai ke riƙe da ni ba. Yanzu ke da aka haifa a nan, ke da kike ba ni amsa da Turanci in na yi miki Hausa, ke ce za ki riga ni taka ƙasar.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki riƙa tsayawa kina haɗa baƙi kina tsaki. Ki daure, tafiyar jirgin doguwa ce. Akwai maganar da in na faɗe ta da Turanci sai in ji kamar labarin wani nake bayarwa.

Ranar da kika ce mana kin gama karatun ungozoma kuma kin karɓi aikin shekara guda a asibitin haihuwa a ƙasar Maradi, kusa da garinmu, na ce miki "to" na fita wanke mota. Mamanki ta ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Gilas ɗaya na yi ta gogewa don kada ku ga fuskata. 'Ya'yan abokaina suna neman inda albashi ya fi tsoka, tawa ta zaɓi inda mata suka fi buƙatar hannu. Ban san abin da na yi Allah Ya ba ni ke ba. Amma a ƙarƙashin murnar akwai tsoro, kuma dalilinsa ne ya sa na zauna rubutun nan.

Kin san sunan Inna, uwata, kike ɗauke da shi, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba sai Ummi. Kin san sana'arta suyar ƙosai ce. Abin da ba ki sani ba, a garinmu an kira ta mayya a gaban jama'a, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya janye kalmar.

Ina da shekara goma sha shida lokacin. Babanmu ya rasu, mu uku ne a gida, Inna da ni da ƙanwata Hajara, goggonki da kike jin muryarta a waya ranar Sallah. Kullum da safe Inna na ɗora kasko a ƙofar gida. Maƙwabcinmu Illa yana da ɗan ƙaramin ɗa, Sahabi, wanda ba ya wuce kaskon nan. Da kuɗi ko babu, sai ta tsamo masa biyu, ta hura, ta miƙa. A bazarar shekarar zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya ƙage, ya fita hayyacinsa. Ke yau kin san ciwon da allurarsa, sanƙarau ne. Cikin sambatu yaron ya yi ta kiran sunan Inna, ya kira ya sake kira. Bokan da aka ɗauko daga ƙauyen gaba ya ce to, ai yaro ya faɗi mai shi da bakinsa. A wurinmu maye shi ne wanda ake cewa yana kama kurwar mutum, jikin ya bi ta a hankali. Maganin da suka sani shi ne a tilasta wa maye ya tsallake marar lafiyar, wai sai ya sake shi.

Da hantsi suka zo, Illa a gaba, idonsa jajur don kuka da rashin barci. Ya tsaya a kan kaskon ya ce, "Ki sakar mini ɗa."

Inna ta ce, "Illa, wane ɗa na riƙe maka?"

Ya ce, "Ki sakar mini ɗa, ko gidan nan ya kwana toka."

Aka shimfiɗa yaron a tabarma a ƙofar gidansu. Gari ya taru, har da masu hawa katanga. Boka ya ce sai ta tuɓe zanenta tukuna. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Zan tsallake, don kada in wani abu ya same shi a ce ni na hana. Amma zanena ba mai taɓa shi." Kuma ba wanda ya taɓa. Ta tattare shi zuwa gwiwa, ta tsallake yaron sau uku, kowane tsallake tana cewa da ƙarfi, "Allah Ya ba ka lafiya, Sahabi." Sannan ta ratsa taron kanta a sama, ta koma ta kwashe ƙosan da ya ƙone a wuta.

Yaron ya tashi, sai dai kunnensa ɗaya ya mutu. Kin ga tarkon? Da ya mutu, da sun ce ta cinye shi. Da ya tashi, suka ce ga shi nan, ta sake shi.

Washegari Inna ta jiƙa wake, ta niƙa, ta ɗora kasko kamar kullum. Ba wanda ya zo. Abincin hannun mayya ba a cinsa, wai ta nan take shiga mutum. Ta soya har ƙullun ya ƙare, ta zauna gaban tire cike har man ya daskare. Jibi ma haka. Ta yi shekaru tana wannan suyar, ta rage yawan wake ne kawai, sai dai baƙo mai wucewa wanda bai san komai ba ya saya. Na tambaye ta me ya sa take ɓarnar mai. Ta ce, "Ranar da na daina, ranar na amsa."

Hajara tana da shekara goma. Kullum sai ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta ajiye a gefen tiren, inda kowa ke gani, ta riƙa ci a hankali tana lasar yatsa, tana kallon masu wucewa ido cikin ido. In wata ta kauda kai sai ta ce, "Ina kwana, Goggo, yau ya yi daɗi fa."

Ni kuwa, Ummi, ban ci ba. Wannan ne kuskurena na farko kuma mafi girma. Na ce cikina ne ke ciwo. Na riƙa kwana da yunwa, ko in saci jiki in sayi rogo a bakin kasuwa. Ba wai na yarda da su ba ne gaba ɗaya. Amma wani ɗan lungu a zuciyata yana cewa, in fa gaskiya ne? Me ya sa yaron bai kira uwarsa ba? Sai da na girma na gane amsar, kuma mai sauƙi ce. Yaro mai zazzaɓi wanda yake so yake kira. Wata guda na yi ban taɓa tuwonta ba. Kullum tana zuba nawa a kwanona, ta rufe da faifai, da safe ta juye wa awaki.

Daga baya na koma ci, kamar ba abin da ya faru. Ban taɓa ba ta haƙuri ba. Na ce sai na yi kuɗi. Na ce sai na koma da kaina, irin wannan magana ba ta kaset ba ce, don lokacin a kaset muke aika murya gida. Da aka haife ki na sa miki sunanta, ta aiko da kaset tana dariya, tana cewa, "Isuhu, an ce ka sa wa yarinya sunana. Ba ka ji tsoro ba?" Na ɗauka wannan ya wadatar. Kina da shekara huɗu ta rasu, maganar tana bakina har yau.

Saboda haka ga shawarata ta farko. In an ɗora wa naki wani suna, kada ki tsaya auna shi cikin zuciyarki kina shiru, yana kallonki. Ki zauna kusa da shi inda ake gani, auna maganar ya biyo baya. In kuma kin yi wa wani laifi, ki faɗa ranar, da muryar da kike da ita, ko da a waya mai yankewa ce. Kada ki jira wuri mai kyau.

Kuskure na biyu a Wheaton na yi shi, a shagon nan da muke sayen kuka da daddawa. Kina 'yar shekara biyu, kina kan kafaɗata kina ja mini hula. Wani direba sabon zuwa, ɗan ƙauyen da ke gaba da namu, ya ƙura mini ido ya ce, "Kai, na san fuskar nan. Ba ɗan mai ƙosan nan ba ne ta garin su Illa?"

Na ce, "A'a, ni ɗan Damagaram ne."

Ya ce, "Ikon Allah, kama ke nan."

Na musanta uwata da sunanta a kan kafaɗata. Kuma ƙarya in ta fita sai an yi ta ciyar da ita. Shi ya sa wasu dattawan masallaci suke ce miki 'yar Damagaram kina mamaki. In mutanen can na gaskiya suka tambaye ni wace unguwa, sai in ce ai tun ina ƙarami muka tashi. Har yau ban taɓa ganin Damagaram da idona ba. Bara da Sallah, ana cin nama a gidan wani abokina, na ajiye cokali na gaya musu ko ni ɗan waye da abin da aka yi wa uwata. Sai wani tsoho mutumin Kumasi, wanda ke gadi a wani sito nan Laurel, ya ce, "To, Malam Isuhu, mun ji. Miƙo yajin nan." Shekara ashirin ina ɗauke da kaya a kai, ashe abin da zai biyo baya ke nan, miƙo yaji.

A can ba zai zo da sauƙi haka ba, kada in ruɗe ki. Mutanenmu suna cewa a nono ake shan maita, don haka ta wurin uwa take bi, ta wurin uba ba ta da ƙarfi. Wasu za su yi miki wannan rangwamen, wasu ba za su yi ba. Wata rana wata mai naƙuda za ta ji ko ke jikar wace ce, ta janye ƙafarta, ko uwar mijinta ta ce a kira wata. Kada ki yi kuka a gabansu, kada ki yi musu lacca. Ki kira wata ɗin, ki tsaya kusa ko za a buƙace ki. Amma ke ki fara faɗin ko ke wace ce, tun ranar farko, kafin wani ya raɗa. Abin da kika faɗa da bakinki ba mai iya tsorata ki da shi.

Na uku kin san rabinsa. Kina tuna kina aji bakwai, malamarku ta tarihi ta shirya muku wasan shari'ar mayu na zamanin da ƙasar nan take hannun Ingila? Ke kika fito a matsayin matar nan ta jihar Virginia, ungozomar da maƙwabta suka ce ta lalata musu shuka da dabbobi. Yara sun sa baƙaƙen huluna na takarda, an shimfiɗa shuɗin ƙyalle a matsayin rafi. Wani ɗan yaro mai gilashi, wai shi ne alƙali, ya karanta hukunci: a ɗaure ta a jefa a ruwa, in ta nutse ba ta da laifi, in ta taso mayya ce. Iyaye suna dariya suna ɗaukar hoto. Aka ɗaure miki hannu da igiyar shanya. Kika ɗaga kai, kika dubi alƙalin sama da ƙasa, kika ce ke ba ki yi komai ba. Ummi, wannan kallon ba malama ce ta koya miki shi ba. Na tashi na fita.

A mota kika ce, "Baba, me ya sa ka fita? Na yi kuskure ne?"

Na ce motar na ajiye inda ba a ajiyewa.

Kika ce ai matar ta gaskiyar ta taso, an kulle ta, amma ta fito ta tsufa a gonarta, kuma kwanan nan gwamnan jihar ya wanke sunanta.

Na ce, "Bayan shekara nawa?"

Kika ce ɗari uku.

Na yi dariya marar daɗi na ce, "Ai sun yi sauri. To wa ya karɓi takardar, kifin rafin?"

Kika ce, "Ko ba komai dai, wani ya buɗe baki ya ce ba ta yi ba."

Na tuƙa mu har gida. Kin kwana kina zaton wasanki ne bai burge ni ba. Yau nake gaya miki, da na zauna minti ɗaya a ɗakin nan da na yi abin kunya a gaban Turawa. Ba a taɓa yin wasan da ya kai naki ba. Shawarar a nan gajera ce: in abu ya fi ƙarfinki kika fita, ki dawo ki faɗa wa wanda kika bari dalili. Yaro ba ya zargin kowa sai kansa.

Littafin da kika aro don wasan, wanda ya ɓace har aka ci ki tara a laburare, ni na ɗauke. Yana ƙarƙashin kujerar taksi. Na karanta shi a layin jiran fasinja gaban manyan ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest, shafi biyu yau, uku gobe, da ƙamus a cinya. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce ashe masu zuwa ƙasashenmu suna ce mana mutanen duhu, su ma sun rataye tsofaffin matansu don yara sun yi sambatu. Amma daɗin bai daɗe ba, don kowane shafi garinmu nake gani. Yaro ya faɗi, an kira suna, maƙwabci ya tuna wata tsohuwar harara. Tufafi ne kawai suka bambanta.

A ciki na ga abin da ya tsaya mini. A can arewacin ƙasar nan, inda aka kashe mutum kusan ashirin kan zargin maita, 'yan shekaru bayan abin, ɗaya daga cikin alƙalan ya miƙe tsaye a cocinsu, gaban mutanen garin, aka karanta cewa ya ɗauki laifin da kunyar a kansa. Yana tsaye har aka gama. Waɗanda aka kashe wa uwa suna raye, suna cin kasuwa ɗaya da shi. Na daɗe ina auna mutumin nan da gwamnan da ya sa hannu bayan shekara ɗari uku. Gwamnan bai yi asarar komai ba, ba shi ya jefa ta a ruwa ba, har tafi aka yi masa. Alƙalin kuwa da fuskarsa ya biya. Har gobe ina ganin ba ɗaya suke ba.

Amma in zan yi adalci, kuma ina ƙoƙarin yi, takardar gwamnan ma ba banza ba ce. Ba ta kai ga matar ba, wannan ya wuce. Sai dai ranar wasanku na ji ta taga lokacin da aka yi tafi, kuma ke aka tafa wa, ba alƙali ba. Ɗaki cike da jikokin masu jefawa, kowa ya san wace ce mai gaskiya. Wani ne ya fara faɗa kafin ya zama abin da yara suka sani. A garinmu ba wanda ya faɗa, shi ya sa har yau yara suna gudu in sun zo wucewa ta ƙofarmu. Kuma wane ne ni da zan yi wa mai jinkiri dariya? Ni ma cikinsu nake.

Yanzu na zo kan na huɗu, wanda saboda shi nake ba ki saƙo.

Watannin baya waya ta shigo ina tsaye a fitilar hanya. Wani ya yi ta ihu kamar yana kiran shanu, "Yaya Isuhu! Ni ne Sahabi na Baba Illa!" Kunnen ne ya sa yake ɗaga murya. Ya ce Baba ido ya tafi, ƙafa ta tafi, ba ya barci, ya ce a nemo masa ni. Sai na ji wata 'yar siririyar murya, wadda ban gane ba sam. "Isuhu, na zalunci uwarku. Tsoro ne ya ci ni. Ka yafe mini kafin in tafi."

Na ce, "Wadda ka zalunta tana maƙabartar gabas. Ka sa a kai ka." Na kashe.

Ummi, na ji daɗi. Ranar har fasinja na yi wa ragi. Na kira goggonki ina taƙama, na ba ta labari kalma kalma. Ta bari na gama ta ce, "Sannu da aiki, sarkin fushi. Ka kashe masa waya daga Amirka ka huta. Ni gobe da safe wa zan tarar a rijiya?"

Na ce, "Hajara, mutumin nan fa..."

Ta ce, "Na san mutumin, Yaya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, tarinsa nake ji. Kai ka tafi da fushin, ni ka bar mini sunan. Mutum ya zo zai buɗe baki, ka rufe masa? Da ka tambaye ni."

Ki san wace ce goggonki kafin ki gan ta. An aurar da ita garin nesa, maganar ta bi ta can, aka dawo da ita. Tana gidan Inna. Sabulu take sayarwa da ashana da gishiri, abin da ba a dafawa. In ana biki za a gayyace ta, a ba ta tabarma mai kyau, amma ba a barinta kusa da tukunya. In an yi haihuwa ta je barka, sai uwar ta gyara goyo ta ce yaro barci yake. Tun tana 'yar shekara goma ba ta riƙe jaririn kowa ba a garin. Kuma duk wannan bai hana ta zama mai ban dariyar da kika sani ba.

Na ce, "To me kike so?"

Ta ce, "So nake in dafa a ci."

Shi ke nan abin da ta ce. Ni ina nan ina auna alƙali da gwamna a cikin taksi, ina ganin ni ne mai haƙƙin karɓa ko ƙi, ashe haƙurin ba nawa ba ne. Na mai amfani da shi ne. In aka zo ba da haƙuri kan abin da ya shafi mutane da yawa, ki duba wa ke zaune cikin abin har yanzu, ki tambaye shi tukuna. Wanda ya fi kowa ihu sau da yawa shi ya fi kowa nisa.

Ga saƙon. In kin huta, kin fara aiki, ki nemi hutun Juma'a ki je garinmu. Kada ki sauka gidan mai gari ko da ya aiko, ki sauka gidan Inna. Ki ce wa goggonki ta soya miki ƙosai, ki fitar da kujera ƙofar gida, ki ci a nan da rana tsaka, da rigar aikinki in kina so. Na san cikinki bai saba da man can ba. Ki ci, kin san maganin da za ki sha.

Sannan ki shiga wurin Illa. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce masa Baba, tsoho ne kuma makaho. Ki faɗa masa cikakken sunanki. Ki ce Isuhu ya ce ya yi kuskure da ya kashe waya, ba tarbiyyar uwarsa ba ce. Ki ce abin da aka yi a gaban gari, a gaban gari ake kwance shi. A ɗauke shi a kai shi ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, a riƙe shi ya tsaya, ya kira sunan Inna, ya ce ciwo ne ya kama Sahabi, kuma yaron ya kira ta ne don tana ba shi ƙosai. Sahabi ya maimaita, shi da Allah Ya ba murya. Bayan nan Hajara za ta dafa da hannunta, ba mai taya ta sa gishiri, Illa ya fara sa hannu, iyalinsa su biyo, sannan gari. In ya yi haka, ki ce masa na yafe, duniya da lahira, kuma zan roƙa masa wurin Allah abin da nake roƙa wa kaina game da ita.

Wannan tsarina ne. In goggonki ta ce a rage ko a ƙara, nata za ki bi, ba nawa ba.

In kuma ya ce ba zai iya ba, ko 'ya'yansa suka hana don kunya, kada ki zage shi, kada ki ɗaga murya. Ki auna masa jini, ki duba ƙafar, ki yi masa sallama. Mutum ne da ya ga ɗansa na mutuwa aka nuna masa wanda zai kama. Na daɗe ban yarda in faɗi wannan ba, amma ranar da zazzaɓi ya kai ki asibiti kina jaririya na san abin da uba zai iya yi. Ko ya tsaya ko bai tsaya ba, a dafa abincin. In mutum goma suka zo, goma ne. In ba wanda ya zo, ku shimfiɗa tabarma a waje ku ci ku biyu, kin san wadda za ki zauna kusa da ita ta saba.

Sauran kin sani. Ki riƙe salla. Ki tafasa ruwa. Ki gaida na gaba da ke ko da ke ce mai allura. In sun yi wa Hausarki dariya ki taya su, sannan ki tambayi yadda ake faɗa. Ki kira mamanki kafin ta kira ki, kin san halinta.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa albarka a hannunki, duk jaririn da kika karɓa Ya raya shi. Allah Ya jiƙan mai sunanki, Ya haskaka kabarinta. Ya dawo mana da ke lafiya. Mamanki na gaishe ki, tana ɗaki tana ƙara cusa miki abin da ba za ki buƙata ba a akwati. Ki gaida Hajara, ki ce mata sarkin fushi ya ji.

Babanki,
Isuhu

Abin da na iya tarawa bayan haya da kuɗin makarantarki da gyaran mota, dala dubu biyar ne da ɗari huɗu. Su ke nan, babu wasu. Dubu biyu suna cikin ambulan ɗin da ke aljihun jakarki na ciki, na sa ne da shinkafa da mai da wake, ki ba goggonki a hannu, ita za ta yi ciniki. Dubu uku da ɗari huɗu na bar su a banki. Kuɗin jirgi ne. Ban saya ba tukuna, ina jiran wayarki.